Dalilan Da Ke Sa Na'urar Karanta Littattafai Ta Riƙa Yi Wa Wasu Gardama A Maiduguri

MAIDUGURI — A unguwar Bolori da ke daura da hanyar Baga, kamar sauran unguwannin birnin Maiduguri, akan sami malamai da ɗalibai da ma'aikata da 'yan kasuwa waɗanda suka mallaki na'urar karanta littattafai, wato ɗan allon nan na lantarki mai ɗaukar dubban littattafai, irin su Kindle da Kobo. Abin da ke ɗaure wa jama'a kai shi ne, mutum biyu za su sayi iri ɗaya a lokaci guda, ta ɗaya ta yi shekaru lafiya lau, ta ɗayan kuwa kullum tana hannun mai gyara.

Wannan al'amari ya shafi aljihun mai saye da kuma mutuncin mai sayarwa, musamman tun daga watan Yuni na 2023 da aka saki darajar naira, kayan da ake shigowa da su daga waje suka yi tsada. Galibi abin da ke sa matsalar ta riƙa dawowa shi ne, ana gyara abin da ya lalace ne kawai, a bar abin da ya lalata shi yana nan. Wanda ya sauya batir sau uku bai sauya wurin da yake caji ba, zai sake sauya na huɗu.

Yadda Na'urar Take

Fuskar wannan na'ura ta bambanta da ta wayar hannu. An yi ta ne da wata fasaha da ake kira E Ink, wadda kamfanin da ya ƙirƙiro ta ya kafu a Amurka a 1997. A cikin fuskar akwai miliyoyin ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da farin launi da baƙi, waɗanda lantarki ke juyawa su fito da rubutu. Da zarar shafi ya fito, yakan zauna ba tare da cin wuta ba sai an buɗe wani, shi ya sa caji ɗaya kan yi makonni. Kamfanin Sony ya fitar da irin wannan na'ura a Japan a 2004, sa'an nan kamfanin Amazon ya fito da Kindle a watan Nuwamba na 2007.

An ƙera na'urar ne bisa zaton cewa mai ita yana zaune a wuri mai sanyin yanayi, yana da tsayayyar wutar lantarki, da intanet a gida, da katin bankin da ake karɓa a ko'ina. Duk inda ɗaya daga cikin waɗannan ya rasu, nan matsala ke samun ƙofa.

Zafin Bazara

Kamfanin Amazon ya ƙayyade cewa a yi amfani da Kindle a yanayin da bai wuce digiri 35 a ma'aunin Salshiyos ba. A Maiduguri kuwa, zafin rana a watannin Afrilu da Mayu yakan haura digiri 40 a inuwa. A cikin motar da aka rufe, ko shagon kwano da tsakar rana, zafin ya fi haka nesa.

Batirin na'urar na sinadarin litiyam ne, kuma zafi ne babban abokin gabarsa. Yana rage masa ƙarfin riƙe caji sannu a hankali, ɓarnar kuma ba ta komawa. Lamarin ya fi muni idan aka haɗa zafin gari da zafin caji, alal misali a jona na'urar da rana a kan tebur kusa da taga. Daga baya batirin kan kumbura, ya tura marfin baya ko fuskar na'urar. Duk wanda ya ga na'urarsa ta kumbura, wajibi ne ya daina cajinta nan take, domin irin wannan batir yana iya kamawa da wuta.

Nan ne bambancin mutum biyun nan ke fara bayyana. Wanda ke karatu da dare a gida, yana caji da asuba, batirinsa zai daɗe. Wanda ke barin tasa a gaban mota yana harkokinsa a kasuwa, ko sabon batir aka sa masa, ba zai ga daɗewarsa ba.

Wutar Lantarki Da Caja

Maiduguri na cikin yankin da kamfanin rarraba wutar lantarki na Yola ke kula da shi. A watan Janairu na 2021 'yan ta'adda suka lalata turakun babban layin wuta da ke tasowa daga Damaturu. An maido da wutar a watan Maris, amma cikin 'yan kwanaki aka sake kai wa layin hari, birnin ya shafe mafi yawan shekarar a cikin duhu. Wannan ne ya kai ga gina tashar wuta mai aiki da iskar gas, mai ƙarfin megawat 50, wadda kamfanin mai na ƙasa NNPC ya ɗauki nauyi, Shugaba Muhammadu Buhari kuma ya buɗe ta a watan Maris na 2023.

A irin waɗannan shekaru ne jama'a suka ƙara dogara ga ƙananan janareto da na'urorin hasken rana da shagunan masu cajin waya. Wutar ƙaramin janareto takan hau ta sauka, musamman lokacin tayar da shi da lokacin da mai ke ƙarewa. Caja mai inganci takan tace wannan hawa da sauka, ta bai wa na'urar volt 5 ɗin da take bukata. Caja ta jabu kuwa ba ta da isassun kayan kariya a cikinta, don haka takan bar ɓarnar ta wuce har cikin na'urar. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Akwai kuma wata illa ta daban. Da yake caji kan yi makonni, mutane kan manta da na'urar a cikin akwati har batirin ya ƙare ƙarƙaf, ya zauna haka wata da watanni. Batirin litiyam da ya daɗe babu caji ko kaɗan yakan ƙi karɓar wuta daga baya. Dabarar da ta fi sauƙi ita ce a fara cajin ma'ajiyar wuta ta hannu, wato fawa-banki, sa'an nan a ɗauki wutar daga gare ta zuwa na'urar, kuma kada a ajiye na'urar na dogon lokaci sai da kimanin rabin caji.

Ƙura Da Ruwa Da Matsi

Ƙurar hunturu takan taru a ramin caji, ta dunƙule, ta hana kan waya zama daidai. Mai na'urar sai ya riƙa murɗa wayar yana dannawa, har ramin ya saki. Tsofaffin samfura masu ƙaramin rami irin na tsofaffin wayoyin Android sun fi saurin lalacewa ta wannan hanya, kafin Amazon ya fara sa rami mai ƙarko na USB-C a Kindle Paperwhite a 2021.

Har ila yau, wasu samfuran suna gane taɓawar yatsa ne ta hanyar wani haske da ido ba ya gani, wanda ke fitowa daga gefen fuskar. Idan ƙura ta taru a wannan gefe, sai na'urar ta riƙa buɗe shafi da kanta, ko ta ƙi amsa taɓawa. Sau da yawa goge gefen da busasshen ƙyalle mai laushi ya wadatar, amma wanda bai sani ba sai ya biya kuɗin sauya fuska.

Dangane da ruwa kuwa, tun daga 2018 Kindle Paperwhite ke zuwa da alamar IPX8, wadda ke nufin tana jure faɗawa cikin ruwa mai tsabta na ɗan lokaci. Harafin X da ke cikin alamar na nufin ba a ba da wani tabbaci game da ƙura ba. Kazalika alamar ba ta shafi ruwan laka irin na ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau a watan Satumba na 2024 ba. Na'urar da irin wannan ruwa ya shiga tana iya tashi bayan ta bushe, amma tsatsa na ci gaba da cin ta a ciki, matsaloli kuma su riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya.

Abu na uku shi ne matsi. A ƙarƙashin fuskar akwai gilashi siriri ƙwarai, wanda kan tsage ko da saman bai nuna komai ba. Sa na'urar a aljihun gefe a shiga Keke Napep, ko cusa ta cikin jaka tare da manyan littattafai, ya isa ya fasa shi. Alamar haka ita ce wani ɓangare na fuskar ya daskare da zane-zane. Wannan ba shi da magani sai sauya fuskar gaba ɗaya, kuɗinta kuma yakan kusanci kuɗin wata na'urar ta hannu.

Matsalar Da Ba Ta Na'ura Ba Ce

Wani kaso na ƙorafe-ƙorafen ya samo asali ne daga littattafan da ake zubawa. Da yawa daga cikin littattafan addini da na makaranta da ke yawo a wayoyi, hotunan shafuka ne da aka haɗa a fayil na PDF. Irin wannan fayil yana da nauyi, rubutunsa kuma ba ya daidaita kansa da fuska mai inci 6, don haka na'urar takan yi jinkiri ko ta tsaya cak. Bugu da ƙari, Kindle takan bi kowane sabon littafi kalma bayan kalma domin sauƙaƙa bincike. Idan aka zuba ɗaruruwa a lokaci guda, ko aka sami fayil guda da ya lalace, sai ta yi ta wannan aiki ba ƙarewa, batirin ya riƙa mutuwa cikin kwana biyu. Maganin wannan shi ne a cire fayil ɗin, a danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 40 domin ta sake tashi.

Masu karatun Hausa da Kanuri suna da tasu matsalar. Ba kowane salon haruffa ne ke ɗauke da ƙ da ɗ da ɓ ba, haka nan harafin ǝ na Kanuri. Inda babu su, sai a ga ɗan akwati ko wani harafi da bai dace da sauran ba. Sauya salon haruffan yakan warware wannan.

Asusu Da Katin Banki

Littafin da aka saya daga Amazon a ɗaure yake da asusun wanda ya saya. Na'urorin hannu da ake sarowa daga kasuwanni irin su Computer Village a Ikeja da Farm Centre a Kano, wasu kan zo da asusun mai su na farko. Ranar da aka cire asusun, littattafan da aka saya da shi sun tafi. Wadda kuma mai ita ya ba da rahoton ɓacewarta, kamfanin yakan toshe lambarta, ba za ta sake karɓar rajista ba.

Kamfanonin ma kan sauya dokokinsu. A watan Agusta na 2022 Amazon ya hana tsofaffin samfuran Kindle na farko-farko sayen littafi kai tsaye daga cikin na'urar. A watan Fabrairu na 2025 kuma ya soke damar sauke littafin da aka saya zuwa kwamfuta domin a tura shi ta waya, abin da ya fi shafar wanda ba shi da intanet na Wi-Fi a gida. A nan gida, bankuna da dama sun dakatar da amfani da katin naira wajen sayayya a ƙasashen waje tsakanin 2022 da farkon 2023, sai a tsakiyar 2025 wasunsu suka dawo da shi bisa iyaka. Dandalin Okadabooks, wanda marubutan Hausa da yawa suka sayar da littattafansu a kansa, ya rufe a watan Nuwamba na 2023. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da mai gyara zai iya magancewa da sukundireba.

Abin Da Ya Kamata 'Yan Kasuwa Su Lura

Garantin da Amazon ke bayarwa na shekara guda ne, ba shi kuma da cibiyar gyaran Kindle a Nijeriya. Ke nan duk ƙorafin da ya taso, a kan mai shago yake sauka. Saboda haka ya kamata mai sarowa ya gwada abubuwa huɗu kafin ya biya kuɗi: ko na'urar na karɓar sabuwar rajista, da shekarar da aka ƙera ta, da lafiyar fuskarta a kan farin shafi, da kuma ko marfinta ya ɗaga alamar kumburin batir.

Haka kuma sayar da na'urar tare da riga mai tauri da caja ta gaskiya ya fi sayar da ita tsirara riba, domin yana rage kayan da ake dawowa da su. Rubuta lambar na'urar a kan rasit yana kare ɓangarorin biyu idan gardama ta taso, musamman ganin cewa Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya, FCCPC, tana da ikon sauraron ƙorafi a kan kayan da ba su da inganci.

Makarantu da ƙungiyoyin da ke niyyar sayen na'urorin da yawa domin ɗalibai su ma suna bukatar sanya kuɗin riguna da wurin caji mai inuwa da batiran canji a cikin kasafinsu tun farko.

Ga mai gyara kuwa, tambayoyi uku kafin ya kwance na'ura za su rage masa asarar lokaci da kayan aiki: a ina ake cajinta, a ina take wuni, kuma wane littafi aka zuba mata na ƙarshe kafin ta soma gardama.