Abincin Gaggawa da Matsalar Teɓa a Tsakanin Ɗaliban Jami'a

A al'adar Bahaushe, ƙiba alama ce ta hutu da wadata. Amma binciken kimiyya ya tabbatar da cewa idan ta wuce kima ta zama teɓa, cuta ce mai jawo wasu cututtuka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a shekarar 2022, mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya na fama da teɓa. Ɗaliban jami'a na cikin wannan haɗari, domin da zarar ɗalibi ya bar tukunyar gida, sai cimarsa ta koma Indomie da ƙwai a teburin mai shayi, ko shawarma, ko soyayyen dankali, a kora da lemon kwalba.

Yadda kitse ke taruwa

Jiki na samun ƙarfi daga abinci, ana kuma auna ƙarfin nan da ma'aunin kalori. Giram ɗaya na sitaci ko furotin na ba da kalori 4, amma giram ɗaya na mai na ba da 9. Duk abin da jiki ya karɓa bai ƙone shi ba, sai ya adana shi a matsayin kitse. Ga shi kuwa ɗalibi yakan wuni a zaune, daga aji sai ɗakin karatu.

A 2019, Dakta Kevin Hall da abokan aikinsa a Amurka sun gwada mutum 20. Mako biyu aka ba su abincin da masana'antu suka sarrafa ƙwarai, mako biyu kuma abincin da ba a sarrafa ba, kowa ya ci iya son ransa. A makonnin abincin masana'antu, a matsakaici sun riƙa cin ƙarin kimanin kalori 500 a kullum, nauyinsu ya ƙaru da kusan kilo ɗaya. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne, irin wannan abinci na da laushi, ana haɗiye shi da sauri tun saƙon ƙoshi bai kai ƙwaƙwalwa ba.

Lemon kwalba ma ba a baya yake ba. Kwalba guda mai santilita 35 na ɗauke da sukari wajen ƙaramin cokali tara, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada baligi ya wuce kimanin cokali 12 a yini. Ke nan mai shan kwalba biyu ya zarce iyaka, ko da bai sa sukari a shayi ba.

Auna kanka

Malamai na iya koya wa ɗalibai wannan lissafi a aji. A ninka tsawon mutum a mita da kansa, sannan a raba nauyinsa a kilo da abin da aka samu. Misali, mai tsawon mita 1.7 da nauyin kilo 75 zai sami kimanin 26. Ga baligi, daga 18.5 zuwa 24.9 daidai ne. Daga 25 nauyi ya yi yawa. Daga 30 kuwa teɓa ce. Ita ke share fage ga ciwon sukari da hawan jini da ciwon zuciya, waɗanda jiyyarsu kan cinye dukiyar iyali.

Mafita

Maganin bai fi ƙarfin aljihun ɗalibi ba. Wake, da ɗanwake, da kwaɗon zogale, da fate mai ganye, duk suna da harza mai riƙe ciki ta jinkirta yunwa. A maye gurbin lemon kwalba da ruwa, a kuma sami aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, ko da tafiya ce da sauri zuwa aji. Ɗaliban sakandare masu shirin shiga jami'a su koyi girki tun suna gida, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.