Dashen Zogale a Ƙasar Gumel

Mu mazauna ƙasar Gumel, daga Gagarawa da Sule Tankarkar har Maigatari bakin iyakar Nijar, mun san rairayinmu ba ya riƙe ruwa, damina kuma gajeriya ce. Shi ya sa muke dasa reshen zogale: ya fi saurin ba da ganye, ko da yake na iri ya fi zurfin saiwa.

In ruwa ya zauna, wajen watan Yuli, sai mu yanko reshe mai ƙwari, tsawon kamu biyu, mu binne sulusinsa a rami mai taki. Mu barbaɗa toka saboda gara. Ruwa kaɗan ya isa, in ya yi yawa gindin zai ruɓe. Sai a kewaye shi da ƙaya tun ranar, domin akuyar maƙwabci ba ta jiran gobe.