Rautar Kamfani: Abin Da Take Iyawa Da Inda Ƙarfinta Ya Tsaya

A cikin kayayyakin zamani da suka shigo gidajenmu tun daga shekarar 2001, lokacin da kamfanonin wayar salula suka fara kafa turakunsu a Nijeriya, da wuya a sami wanda aka ɗora wa nauyi mai yawa, alhali kuwa an jahilci haƙiƙarsa, kamar ɗan akwatin nan mai ƙananan fitilu da ake kira rauta. Ɗalibin da zai yi rajistar jarrabawa, da matar da ke sayar da atamfa da turaren wuta ta WhatsApp, da dattijon da ke ɗokin ganin fuskar ɗansa da ke karatu a Alƙahira ko Madina, da mai shagon buga takardu a bakin jami'a, dukansu da wannan akwati suka dogara. In ya yi aiki ba mai tunawa da shi, in kuwa ya tsaya, magana ɗaya ce a bakin kowa: babu netwok. Galibin rautocin nan kamfanin da ke sayar da intanet ne ke bayar da su, kamar MTN da Airtel da Glo da Spectranet, bisa farashi mai rangwame, sau da yawa tare da kyautar data. Saboda haka ya cancanta mu natsu mu binciki sha'anin rauta, domin mu rarrabe abin da ke laifin na'ura, da abin da ke laifin kamfani, da abin da ke sakacinmu.

Da farko dai, ya kamata a sani cewa rauta kwamfuta ce ƙarama, mai ƙwaƙwalwarta da ma'ajiyarta da manhajar da ke tafiyar da ita, kuma fuska biyu gare ta. Ɗaya tana duban waje, inda take magana da kamfani, ko ta layin waya na 4G da 5G, ko ta wayar faiba wadda haske ke gudana a cikinta, ko ta tauraron ɗan'adam kamar na Starlink da ya fara aiki a Nijeriya a farkon 2023. Ɗayar tana duban cikin gida, inda take magana da wayoyi da kwamfutoci da talabijin ta hanyar Wi-Fi, tana ba kowace na'ura lambar adireshinta, tana miƙa wa kowa saƙonsa, tana kuma tare baƙon da ba a gayyata ba. Wanda ya fahimci wannan rabo ya fahimci rabin mas'alar, domin sandunan Wi-Fi da mutum ke gani cike a fuskar wayarsa ba su shaidar komai illa cewa tsakaninsa da akwatin lafiya lau ne. Abin da ke tsakanin akwatin da sauran duniya wani babi ne daban.

A wannan babi na waje kuwa, rauta ba ta da iko ko kaɗan. Turken da take sha daga gare shi na unguwa ne gaba ɗaya, kuma abin da yake iya bayarwa ƙayyadadde ne, shi ya sa intanet ɗin da ke gudu bayan sallar Asuba yakan koma jan ƙafa bayan Isha, sa'ad da kowa ya dawo gida ya buɗe bidiyo. Turken da kansa yana bukatar wuta da man dizal, wayar da ta haɗa shi da cibiya kuma tana binne a gefen titi, inda masu aikin hanya ko masu haƙa kwalbati kan tsinke ta. Har ma akan sami musibar da ta fi wannan nisa: ranar 14 ga Maris, 2024, manyan wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku, wato WACS da MainOne da ACE da SAT-3, suka lalace a gaɓar Kwaddebuwa, sai al'amuran bankuna da na kasuwanci suka cije a Nijeriya da Gana da maƙwabtansu, alhali kowace rauta na zaune a mazauninta fitilunta na ci. Game da adadin saurin da ake bugawa a jikin kwali, wannan iyakar abin da na'urar za ta iya ne a ɗakin gwaji, inda babu bango babu cunkoso. Kuma da megabit ake auna shi, alhali fayil da megabait ake auna shi, takwas na farkon ne ke yin ɗaya na biyun.

Idan muka dawo cikin gida, sai mu tarar Wi-Fi ba wani abu ba ne face rediyo, kuma mutanenmu da suka girma suna murɗa akwati suna neman tasha a kan mita 19 ko 31 ba baƙi ne ga wannan ilmi ba. A shekarar 1985 hukumar sadarwa ta Amurka ta buɗe wasu zanguna domin kowa ya yi amfani da su ba tare da lasisi ba, bisa sharaɗin ƙarfin na'ura ya zama kaɗan, kuma a kan wannan tushe aka gina ƙa'idar Wi-Fi ta farko a 1997. Zanguna biyu ne suka fi shahara. Na gigahaz 2.4, wanda tsawon igiyarsa bai wuce santimita 12 da rabi ba, ya fi nisan tafiya da iya ratsa bango, amma ya fi jinkiri da cunkoso. Na gigahaz 5, mai igiyar santimita 6, ya fi sauri ƙwarai, sai dai bango biyu ko uku sukan karya lagonsa. To, mu kuwa gininmu ba na katako ba ne kamar na ƙasashen da aka fara ƙera waɗannan na'urori domin su. Bulon siminti, da rufin kankare mai rodi a ciki, da katangar ƙasa mai kauri irin ta tsofaffin gidajen birni, da ƙofar ƙarfe, da kwanon rufi, da tankin ruwa, kowannensu yana cin rabonsa daga ƙarfin igiyar. Gidan da aka gina da zaure da shigifa da sassa a jere kuwa, rauta ɗaya da aka ajiye a turakar maigida ba za ta taɓa kaiwa sashen ƙarshe ba, komai alƙawarin da mai talla ya yi.

Akwai kuma wata iyaka da ba kowa ya san da ita ba, wato cewa na'urorin da ke kan tasha ɗaya ba su magana a tare, sai dai bi da bi. Misalin haka shi ne zauren malami, inda almajirai ke zaune kowa da littafinsa, ɗaya ya biya malam ya fassara masa, sannan na gaba ya matso. In aka sami mai nauyin harshe wanda sai an maimaita masa sau uku, to, jinkirinsa kan kowa yake faɗawa. Haka tsohuwar wayar da ke can ƙarshen gida, wadda saƙo ba ya isa gare ta sai an sake aikawa, take cinye lokacin sabuwar kwamfutar da ke kusa da akwatin. Ƙari a kan haka, zangon 2.4 tashoshi uku kacal gare shi da ba su hawa kan juna, wato ta 1 da ta 6 da ta 11, don haka a gidan haya mai ɗakuna goma rautocin maƙwabta ma cikin layin jiran suke. Kamfani kuwa, da yake dubbai yake saye kuma da rangwame yake bayarwa, ba kasafai yake zaɓen mai babbar ƙwaƙwalwa ba. Abin da ya wadaci na'urori biyar yakan shaƙe in sun kai ashirin.

Sai kuma yanayin ƙasarmu, wanda shi ma yake da hukuncinsa. Mafi yawan rautocin gida an ƙera su ne su yi aiki a zafin da bai wuce digiri 40 ba, alhali a watan Afrilu iskar Sakkwato da Maiduguri da Yamai takan haura haka tun kafin a shiga ɗaki mai kwano. Ka shiga falo ka duba, sau da yawa za ka tarar da rautar a cikin kabad ɗin talabijin, an matse ta tsakanin dikoda da bango, an lulluɓe ta da ɗan ƙyalle mai ado domin kare ta daga ƙurar hunturu; ka ɗora tafin hannunka a kanta ka ji ta rau, ƙananan ramukan shan iskarta sun toshe. Na'urar da ta yi zafi haka takan rage gudu, ko ta yi ta mutuwa tana tashi. Wutar lantarki ita ma, da ɗaukewarta da dawowarta da ƙarfi da canjin janareta, takan raunana adaftar, mai gida ya yi ta zargin kamfani alhali ciwon yana jikin soket.

Amma al'amarin da ya fi kowanne nauyi, kuma aka fi gafala da shi, shi ne na tsaro. Ka juya rautarka ka karanta takardar da ke manne a ƙarƙashinta: akwai sunan Wi-Fi da kalmar sirrinsa, akwai kuma wasu lambobi kamar 192.168.0.1, tare da sunan shiga da kalmar sirri ta biyu, wadda a na'urori da yawa ba ta wuce "admin" ba. Wannan ta biyun ita ce mabuɗin sarrafa akwatin dukansa, kuma wanda ya riƙe ta yana iya karkatar da mutanen gida zuwa shafin bogi mai kama da na banki. A shekarar 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubban ɗaruruwan kyamarori da rautoci a duniya, ba da wata hikima ba sai gwada kalmomin sirri kimanin 60 da masu ƙera kaya suka saba sakawa. A watan Nuwamba na shekarar, wani reshenta ya bi ta ƙofar da kamfanoni ke bari domin gyaran rauta daga nesa, ya durƙusar da rautoci kimanin 900,000 na abokan cinikin Deutsche Telekom a Jamus. Mutumin Ingilan da kotu ta kama da wannan laifi shi ne kuma aka ɗaure daga baya saboda harin da ya kai wa wani kamfanin sadarwa na Laberiya. Ashe ke nan Afirka ta Yamma ba ta wajen wannan fitina.

A nan ne maganar amana ta shigo. Adalci ne a faɗi cewa rautar kamfani tana da falala: tana da araha, an riga an daidaita ta, kuma in ta lalace an san wanda za a kai wa kuka. Sai dai galibi a kulle take ga layin kamfani ɗaya, kuma manhajar da ke cikinta ba mai iya sabunta ta sai shi. Idan ya daina aiko da gyara bayan 'yan shekaru, sai ɓarakar da masu kutse suka gano ta zauna a buɗe, mai gida bai sani ba, in ma ya sani ba shi da dabara. Malaman fiƙihu sun yi bayani a babin ciniki cewa wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin hajarsa, kuma ɓoye shi algus ne da ke bai wa mai saye damar mayar da kaya. Ni a ganina, wanda ya riƙe mabuɗi shi amana ta hau, kuma rashin faɗin ranar da za a daina kula da na'ura yana cikin ɓoye aibi. Wasu ƙasashe sun riga sun mayar da wannan doka: Jamus ta bai wa mai saye 'yancin zaɓen rautarsa tun watan Agusta na 2016, Birtaniya kuma daga watan Afrilu na 2024 ta haramta sayar da irin waɗannan na'urori da kalmar sirri mai sauƙin cinka, ta kuma wajabta a faɗi tsawon lokacin da za a riƙa sabunta su.

Abin da ke wuyan mai gida ba mai tsada ba ne. Ya ajiye rauta a sarari, a wuri mai tudu, a tsakiyar inda ake amfani da ita, kusa da taga in ta layin waya ce, nesa da ƙarfe da rana. Ya canza kalmomin sirrin nan biyu tun ranar farko, ya zaɓi kullen WPA2 ko WPA3, ya ware wa baƙi nasu sashe in na'urar tana da shi. Ya sama mata ɗan batirin ajiya domin kada kowace ɗaukewar wuta ta girgiza ta. In gidan babba ne, ya ja waya zuwa sashe na biyu ya ƙara wata na'urar a can, domin waya ta fi iska tabbas. In kuma intanet ya yi nauyi, ya gwada saurinsa a gaban akwatin da kuma can nesa, da safe da kuma da dare: in bambancin na wuri ne, matsalar ta cikin gida ce, in na lokaci ne, ta kamfani ce, sai ya kai ƙara da hujja a hannunsa, in ba a saurare shi ba ya kira Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, NCC, a lambarta ta kyauta 622.

Abin da ke wuyan kamfanoni da hukuma shi ne mafi girma. Tun da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari na kuɗin kira da data a watan Janairu na 2025, haƙƙin mai saye ya ƙara ƙarfi a kan a gaya masa saurin da zai samu a unguwarsa da dare, a rubuta masa da harshen da yake ji shekarun da za a kula da manhajar na'urarsa, a ba kowace rauta kalmar sirrinta ta daban, a kuma buɗe masa kullenta idan ya gama biyan kuɗinta. Hukumar da ke tantance kowace na'urar sadarwa kafin a sayar da ita a ƙasa tana da ikon sanya waɗannan cikin sharuɗɗanta. Karatun 'ya'yanmu da dukiyar 'yan kasuwarmu da sirrin iyalanmu duk ta wannan ƙofa suke wucewa a yau, kuma bai halatta a bar ta hannun sa'a ba. Allah Ya ba shugabanninmu ikon tsayar da adalci a wannan ciniki, mu kuma Ya ba mu himmar neman sanin abin da muke saye.