Hali da Wasannin Motsa Jiki

Hausawa suna cewa hali zanen dutse ne, wato ba ya kankaruwa. Yarabawa kuma suna kwatanta hali da hayaƙi, wanda ko an rufe shi sai ya sami kafar fita. Abin da Bayarabe yake kira iwa shi ne Bahaushe yake kira hali, jam'insa halaye. Hali shi ne yadda mutum ya saba yin tunani, da yadda ya saba ji a ransa, da yadda ya saba aikata abubuwa, har jama'a su san shi da haka. Ka lura da kalmar "saba". Wanda ya yi fushi sau ɗaya ba a kiransa mafaɗaci. Sai wanda ƙaramin abu yake tunzura shi yau, gobe ma haka, jibi ma haka.

A wannan darasi za mu duba yadda hali yake shafar wasannin motsa jiki, kuma za mu ɗauki misalanmu daga Agege, a Jihar Legas. Cinikin goro da hanyar jirgin ƙasa ne suka jawo Hausawa da yawa zuwa Agege tun farkon ƙarni na 20. Suka kafa zango, suka yi sarkinsu, suka hayayyafa. A yau jikokinsu suna jin Hausa, suna jin Yarabanci, suna buga ƙwallon ƙafa tare da 'ya'yan maƙwabta a lunguna da filayen makarantu. Akwai kuma babban filin wasa na Agege, inda ƙungiyar MFM ta riƙa karɓar baƙi, har ta zo ta biyu a gasar ƙwararru ta Nijeriya a shekarar 2017. Ban da ƙwallo, Hausawa sun zo Legas da wasanninsu na gargajiya, musamman dambe. Idan ka tsaya a bakin fili za ka ga yara iri-iri. Ga mai surutu da kowa yake jin muryarsa, ga mai shiru-shiru, ga mai saurin fushi, ga wanda ba ya fashin atisaye ko ana ruwan sama. Wanne ne a cikinsu zai zama gwani?

Akwai fannin ilimi da yake ƙoƙarin amsa wannan tambaya. Reshe ne na ilimin halayyar ɗan Adam, ana kiransa nazarin halayyar 'yan wasa. Wani malami Ba'amurke mai suna Coleman Griffith ya buɗe ɗakin bincike domin wannan aiki a Jami'ar Ilinoi a shekarar 1925, kuma tun a lokacin ya fara lura da halayen fitattun 'yan wasa. Masanan da suka biyo baya sun daɗe suna gardama a kan yadda za a auna hali. A yau mafi yawansu suna amfani da ma'auni biyar. Na farko shi ne son cuɗanya, wato ko mutum mai faran-faran ne ko kuwa mai kamewa. Na biyu himma da tsari, wato cika alkawari da gama aikin da aka fara. Na uku saurin damuwa, kishiyarsa natsuwa. Sauran biyun su ne sauƙin kai wajen zama da mutane, da sha'awar sabon abu. Kada ka ɗauka an kasa mutane gida biyar ne. Kowane mutum yana da rabonsa a duka biyar ɗin, wani da yawa, wani kaɗan, kamar yadda kowa yake da tsawo amma tsawon ya bambanta.

Da aka auna mutane masu yawa a ƙasashe daban-daban, an ga cewa masu yin wasanni a kai a kai sun ɗan fi waɗanda ba sa yi son cuɗanya da himma, kuma sun ɗan fi su natsuwa. An kuma ga cewa masu wasan ƙungiya, irin su ƙwallon ƙafa, sun ɗan fi masu wasan mutum ɗaya son cuɗanya. Masu wasanni masu haɗari, kamar hawan duwatsu, sukan zama mutanen da suke jin daɗin kasada. Amma ka riƙe kalmar "ɗan" da kyau, domin bambancin ƙarami ne, kuma sai an haɗa jama'a da yawa yake bayyana. A cikin ƙungiya ɗaya ta yara goma sha ɗaya za ka iya samun kowane irin hali, kuma ƙungiyar tana bukatar hakan. Kyaftin mai tsawa yana da amfani. Haka ma ɗan tsakiya mai shiru wanda idonsa yake ganin inda zai miƙa ƙwallo tun kafin ta iso ƙafarsa.

Dambe yana koya mana wani abu da ma'aunin nan biyar ba ya nunawa. A ƙasar Hausa dambe wasan mahauta ne tun asali. Bayan kaka, 'yan dambe sukan bi gari-gari tare da makaɗansu. Yaron da aka haifa a gidan fawa yana buɗe ido ya ga yayyensa suna ɗaure hannu da zare, ya ji kalangu, ya ji ana kirari. Yaron da aka haifa a gidan malamai kuwa, ko da ya fi shi ƙarfin zuciya, da wuya a bar shi ya shiga fage. To, a nan hali ne ya zaɓi ɗan dambe, ko gida? Babbar mayankar Legas tana Oko-Oba, a yankin Agege, saboda haka wannan tambaya ba ta da nisa da kai. Wani masani Bajamushe, Kurt Lewin, ya bayyana a shekarar 1936 cewa abin da mutum yake aikatawa yana fitowa ne daga haɗuwar abu biyu, shi kansa mutumin da kuma muhallin da yake ciki. Wannan ra'ayi ne mafi yawan masu nazarin 'yan wasa suke bi a yau.

Muhalli yana iya buɗe ƙofa, yana kuma iya rufe ta, musamman ga 'yan mata. Asisat Oshoala, wadda ta tashi a Ikorodu, ta sha faɗa cewa da farko iyayenta ba su yarda ta buga ƙwallo ba. Ta nace, daga baya suka goya mata baya, kuma sau shida ana zaɓenta gwarzuwar 'yan ƙwallon mata ta Afirka. Nacinta hali ne. Amma akwai 'yan mata masu irin wannan naci a Agege da sauran unguwanni waɗanda ba za mu taɓa jin sunansu ba, domin babu fili kusa da su, ko babu wanda zai horar da su, ko kuma gida bai sassauta ba.

Mu koma kan ƙwazo, wato yadda ɗan wasa yake taka rawa bayan ya shiga. A nan dole mu raba dogon zango da ranar wasa. A dogon zango, halin da ya fi nuna alamar wanda zai ci gaba shi ne himma da tsari. Dalilin a fili yake. Mai himma yana zuwa atisaye kan lokaci, yana maimaita bugu ɗaya sau ɗari, yana kula da barcinsa da abincinsa, yana bin umarnin likita idan ya ji rauni. Cikin mako guda ba za ka ga bambanci tsakaninsa da mai baiwa marar himma ba, wataƙila ma mai baiwar ya fi shi burge 'yan kallo. Bayan shekara biyar labari yakan canza.

Ranar wasa kuwa, abin da ya fi tasiri shi ne yadda mutum yake riƙe zuciyarsa. Kowane ɗan wasa yana jin faɗuwar gaba kafin a hura usur. Zuciya tana bugawa da sauri, tafin hannu yana gumi, baki yana bushewa. Wannan ba ragwanci ba ne, jiki ne yake shiri. A shekarar 1908 wasu masana biyu, Robert Yerkes da John Dodson, suka yi gwaji da ɓeraye, kuma daga aikinsu aka samo wani ra'ayi da aka daɗe ana koyarwa: idan ɗoki ya yi kaɗan aiki ba ya kyau, idan ya yi matsakaici aiki yana kyau, idan ya wuce kima aiki yana lalacewa. Daga baya wani masani ɗan Rasha, Yuri Hanin, ya nuna cewa wannan matsakaicin ba ɗaya ba ne ga kowa. Wani sai jininsa ya tafasa yake wasa mai kyau. Wani kuwa sai ya kwantar da hankalinsa sarai.

'Yan dambe sun san wannan ba tare da sun karanta littafi ba. Kafin a sa zare, za ka ga wani ɗan dambe ya je gaban makaɗa. Ana kiran sunansa da na ubangidansa, ana tuna masa mazajen da ya kayar, har tsikar jikinsa ta tashi, ya ɗaga hannu yana kirari, jikinsa yana tsuma. Shi wannan, kiɗan ne yake kai shi inda yake so. Wani kuma yana gefe a zaune, bai ce uffan ba, yana kallon ƙasa. Ɗan kallo sabon zuwa zai ce na biyun ya tsorata. Sau da yawa ba haka ba ne. A dambe turmi uku ake yi, kuma da zarar hannun mutum ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an yi kisa, wato an kayar da shi, wasa ya ƙare. Kuskure ɗaya ya isa. Saboda haka mai kai hari cikin fushi, ya manta da hannun da yake karewa da shi, shi ne yakan fara faɗuwa. A ganina babu wasan da ya fi dambe nuna cewa zafin zuciya da jarumta abubuwa ne daban.

A ƙwallon ƙafa ma daƙiƙa ɗaya tana iya rusa aikin shekaru. A ranar 17 ga Yuni, 2010, Nijeriya ta kara da Girka a gasar cin kofin duniya a Afirka ta Kudu. Kalu Uche ya ci wa Nijeriya ƙwallo, tana gaba da ci ɗaya. A minti na 33 Sani Kaita, ɗan Kano, ya kai wa Vasilis Torosidis na Girka shuri a bakin layi, alƙalin wasa ya ɗaga masa jan kati. Nijeriya ta rage saura mutum goma, Girka ta rama, ta ƙara, aka tashi 2 da 1. Mutane da yawa suka yanke hukunci nan take cewa halinsa ke nan. Amma Kaita ɗin nan yana cikin 'yan wasan da suka kai Nijeriya wasan ƙarshe a gasar matasa ta duniya a 2005, da kuma gasar Olamfik ta 2008, kuma bayan wasan Girka ya fito ya ba 'yan ƙasa haƙuri. Zinedine Zidane na Faransa, wanda aka sani da kunya da ƙarancin magana a wajen fili, shi ma an kore shi a wasan ƙarshe na kofin duniya a 2006, bayan ya tunkuyi Marco Materazzi da ka. Gajiya, da tsokana, da idon duniya, da nauyin ƙasa a wuya, duk suna cikin muhallin da Lewin yake nufi. Aiki ɗaya a irin wannan rana bai isa ya bayyana halin mutum gaba ɗaya ba.

Wannan ne ya sa masana suke gargaɗi game da amfani da gwajin hali wajen zaɓen 'yan wasa. A ƙarshen shekarun 1960 wasu Amurkawa biyu, Bruce Ogilvie da Thomas Tutko, suka tsara takardar tambayoyi da suka ce tana auna halayen da ɗan wasa yake bukata. Ƙungiyoyi da yawa suka karɓe ta. Wasu masana kuwa suka soke ta, suka ce ba ta iya nuna wanda zai yi nasara yadda ake zato. A makarantunmu ba a raba irin wannan takarda, amma ana yin abin da ya fi ta haɗari, wato hukunci da ido. Malamin wasanni ya dubi yaro mai kunya ya ce ba shi da zuciya, ya ajiye shi a benci. Ya dubi mai hayaniya ya ba shi kyaftin. A al'adar Hausawa kunya da kawaici alamun tarbiyya ne. Yaron da aka koya wa kada ya haɗa ido da babba zai sunkuyar da kai idan koci yana magana. Kocin da bai san wannan al'ada ba zai iya ɗaukar ladabi a matsayin tsoro, kuma a wuri kamar Agege, inda ƙabilu suke cakuɗe a aji ɗaya, wannan kuskure yana da sauƙin aukuwa.

Saura tambaya ɗaya: shin wasa yana canza hali? Mutane suna son cewa wasa yana gyara yaro. Ogilvie da Tutko kansu sun yi shakkar haka a wata maƙala da suka buga a 1971. Wani ɓangare na abin da muke gani tacewa ce kawai: marasa haƙuri suna barin wasa tun da wuri, masu haƙuri su rage, sai mu zaci wasan ne ya ba su haƙurin. Duk da haka, binciken da aka yi a kan mutane tsawon shekaru ya nuna cewa zanen dutsen nan yana ɗan sauyawa. Yawancin mutane suna ƙara natsuwa da himma yayin da suke girma. Abin da kuma ya fi saurin canzawa shi ne dabarar da mutum yake bi da halinsa. Mai saurin damuwa yana iya koyon jan numfashi a hankali kafin bugun fenariti, ya ajiye ƙwallo da hannunsa, ya ƙirga takunsa, ya zaɓi kusurwa tun kafin ya taso, kuma kada ya sake shawara. Mai saurin fushi yana iya sabawa da juya baya ya yi taku biyar duk lokacin da aka tsokane shi. A dambe wannan aikin ubangida ne. Shi ne yake zaɓar wa yaronsa abokin karawa daidai ƙarfinsa, ya hana shi sa zare da wanda ya fi shi tun bai ƙosa ba, kuma tsakanin turmi da turmi ya matso kusa da shi ya gaya masa ko ya ƙara wuta ko ya sassauta.