Tantance Ƙananan Halittun Teku: Ido ko Gwajin DNA?

Duk wanda ya san karkarar ƙasar Hausa a zamanin kurkunu ya san dalilin da ya sa ma'aikatan lafiya suka dage sai an tace ruwan tafki da ƙyalle kafin a sha. Abin da ake tacewa wani ɗan ƙwaro ne da ido ke gani da ƙyar, wanda ke haɗiye 'ya'yan tsutsar ya kai su cikin mutum. Masana suna kiran danginsa kofifod, kuma 'yan'uwan jatan lande da ƙaguwa ne, sai dai yawancinsu ba su wuce tsawon milimita ɗaya ko biyu ba. Na tafki ɗan ɓangare ne kawai na dangin. Mafi yawansu a teku suke, inda suke yawo cikin ruwa igiya tana kai su duk inda ta ga dama, kuma yawansu ya kai a lissafa su cikin dabbobin da suka fi kowa yawa a duniya. Su ne ke cin ƙananan tsirran ruwa, kifi kuma ya ci su. Kifin ƙanƙara da ake shigowa da shi kasuwanninmu daga arewacin tekun Atilantika, irin su titus, da kitsen waɗannan halittu ya yi ƙiba.

Jinsunan kofifod da aka rubuta sun haura dubu goma, kuma fiye da shekara ɗari hanya ɗaya aka sani ta bambanta su: a ɗora ƙwaro ƙarƙashin madubin ƙara girma, a sa allura a cire ƙafarsa, a duba siffarta. Aiki ne na masu haƙuri. Ga misali jinsuna biyu na dangin Calanus, wato finmarchicus mai son ruwan sanyi da helgolandicus mai son ruwa mai ɗan ɗumi. A ido kamar an tsaga kara. Abin da ke raba su shi ne lanƙwasar wasu 'yan haƙora a gindin ƙafa ta biyar, kuma wannan alama ba ta bayyana sosai sai ƙwaron ya kusa balaga. To amma kofifod yana wuce matakai goma sha ɗaya, yana saɓa a kowanne, kafin ya zama babba, kuma a matakai shida na farko ko kama da iyayensa ba ya yi. Ke nan kaso mai yawa na abin da koma ta kwaso daga teku ba shi da alamar da gwani zai kama ya ce ga sunansa.

Mai karatu zai iya cewa, mene ne abin damuwa idan an kira wani ƙwaro da sunan ɗan'uwansa? Amsar tana cikin rijistar da Ingila ta daɗe tana ajiyewa. Tun shekarar 1931, bisa dabarar masanin teku Alister Hardy, jiragen 'yan kasuwa suke jan wata na'ura mai ɗauke da ƙyallen siliki da ke tace ruwa a kan hanya, a kai ƙyallen ɗakin bincike a ƙirga abin da ya kama. Daga wannan rijista aka gano cewa a Tekun Arewa, tsakanin Ingila da Nowe, finmarchicus ya ja baya tun daga shekarun 1960 yayin da ruwan ke ƙara ɗumi, helgolandicus kuma ya ƙaru. Bambancin ba na suna kaɗai ba ne. Na farkon yana yawaita ne a farkon bazarar can, daidai lokacin da 'ya'yan kifin kod ke neman abinci, na biyun kuwa sai daga baya yake cika. Masana sun danganta wannan sauyi da raguwar 'ya'yan kifin da ke rayuwa har su girma. Wanda ya haɗa jinsunan biyu a suna ɗaya ba zai taɓa ganin wannan sauyi ba. Waɗannan halittu ma'aunin ɗumamar teku ne, ma'auni kuwa idan aka karanta shi ba daidai ba, hukuncin da aka gina a kansa ya karkace.

A nan ne gwajin ƙwayoyin gado ya shigo. A shekarar 2003 Paul Hebert na Jami'ar Guelph da ke Kanada ya kawo shawarar a riƙa karanta wani ɗan yanki guda na DNA, mai haruffa kusan 650, a matsayin shaidar kowace dabba. An zaɓi yankin da ake kira COI domin yana kusan zama iri ɗaya a tsakanin 'yan jinsi guda, amma ya bambanta sosai daga jinsi zuwa jinsi. Ana niƙa ƙwaron ko ƙafarsa ɗaya, a ciro DNA, a ninka wannan yanki sau miliyoyi da sinadarai, na'ura ta karanta jerin haruffan, sannan a gwada da waɗanda ke ajiye a rumbunan intanet irin su BOLD da GenBank. Ƙwai ne ko jariri ko babba, jerin ba ya canzawa. Ann Bucklin ta Jami'ar Connecticut a Amurka ta jagoranci ƙidayar irin waɗannan halittu na teku daga 2004 zuwa 2010, aka tara shaidun jinsuna masu yawa. Daga baya aka ci gaba har ana niƙa duk abin da koma ta kamo gaba ɗaya, a karanta shi a tashi guda.

Abin da gwajin ya tono ya girgiza masu harkar. Shekara da shekaru ana raba finmarchicus da wani ɗan'uwansa na yankin ƙanƙara, glacialis, ta hanyar awon tsawo: babba a ce glacialis ne, ƙarami a ce finmarchicus. A 2017 Marvin Choquet da abokan aikinsa na Jami'ar Nord da ke Bodø a Nowe suka nuna da gwajin DNA cewa glacialis yana zaune a lungunan tekun Nowe, can kudu da inda aka zata, kuma a can jikinsa ƙarami ne, har awonsa ya shiga na ɗan'uwansa. Ashe an daɗe ana rubuta shi da sunan wani. Haka nan wani jinsi na bakin koguna, Eurytemora affinis, da aka ɗauka ɗaya ne a Turai da Amurka, binciken Carol Lee ya nuna zuriyoyi ne daban-daban, har a 2011 aka ware na gabashin Amurka aka raɗa masa suna carolleeae. Da aka san shi, sai aka iya gane shi a tekun Baltik, inda ake kyautata zaton ruwan da jirage ke ɗauka don daidaita nauyi ne ya kai shi. Baƙon da ya yi kama da ɗan gida, ido ba ya tare shi a ƙofa.

Duk da haka, masu ɗari-ɗari da wannan hanya suna da hujja, kuma bai kamata a share su ba. Suna cewa niƙa samfur gaba ɗaya yana faɗa maka wane ne ke ciki, amma ba ya faɗin guda nawa ne, domin babban ƙwaro ɗaya zai iya ba da DNA fiye da ƙanana masu yawa, kuma sinadaran ninkawa sun fi kama wasu jinsuna fiye da wasu. Ba ya kuma faɗin ko jarirai ne ko mata masu ƙwai, alhali wannan ne mai nazarin kifi ya fi buƙata. Sannan tsoffin samfura an ajiye su ne a sinadarin fomalin, wanda ke lalata DNA, don haka ba a iya komawa baya a sake gwada su cikin sauƙi. Duk gaskiya ne. Amma waɗannan iyakoki ne da ke nuna inda za a yi amfani da hanyar, ba dalilin watsi da ita ba. Ana iya ƙirgawa da ido, sannan a ɗebi wani kaso a tantance da DNA a gyara lissafin, kuma haka masu lura suke yi yanzu.

Ƙorafin da ya fi nauyi a ganina shi ne na rumbun. Na'urar tantance masu zaɓe ba ta gane yatsan wanda bai yi rijista ba, idan kuma an yi masa rijista da sunan wani, da sunan wanin za ta yi ta kiransa. Haka DNA yake. Jerin haruffa ba ya zuwa da suna a goshinsa. Sai wani gwani ya duba ƙwaron da ido, ya tabbatar da jinsinsa, sannan a ajiye jerin da wannan suna. Idan ya yi kuskure, kuskuren zai bazu ga duk wanda ya dogara da rumbun, kuma an sha samun irin waɗannan shigarwa marasa inganci. Abin takaici, masu wannan ƙwarewa suna raguwa, domin matasa sun fi karkata ga na'ura, kuɗin bincike ma can ya fi kwarara. Ga shi kuma ruwayen Turai da Amurka sun fi samun rijista, na yankuna masu zafi kuwa, inda jinsuna suka fi yawa, giɓinsu ya fi faɗi.

Wannan giɓi ya shafi gaɓar Afirka ta Yamma, inda miliyoyin mutane ke cin abinci daga ƙananan kifayen da ke kiwo a kan kofifod. Nijeriya tana da cibiyar binciken teku a Legas, jami'o'in yankin kuma suna koyar da ilimin kifi da na ruwa. Idan za su shiga wannan aiki, su haɗa biyun tun daga farko: duk ƙwaron da aka karanta jerinsa a ɗauki hotonsa, a ajiye samfurinsa a sinadarin da ba ya ɓata DNA, a kuma horar da ɗalibin da zai iya zama gaban madubi ya cire ƙafa ta biyar da allura. Sayen na'ura ba tare da irin wannan ɗalibi ba asarar kuɗi ce.