Shin da gaske tarwada ba ta mutuwa idan inji ya tsaya?

Akwai maganar da ke yawo a bakin masu kiwon kifi daga Kawo zuwa Unguwar Dosa da Malali, wai idan tarwada kake kiwo, ko an ɗauke wuta kwana uku, ka kwanta ka yi barcinka, tunda ita iskar sama take shaƙa. Rabin maganar gaskiya ne, kuma rabin nan ne ke cinye wa mutane jari.

Tarwada tana da wata gaɓa a cikin kanta da ke ba ta damar leƙowa saman ruwa ta haɗiyi iska, shi ya sa take rayuwa a cikin taɓo. To amma ba da ita ake ƙyanƙyashe ta ba, sai ta yi 'yan makonni gaɓar ke nuna. Ƙananan 'ya'yan kifi na iya ƙarewa cikin dare guda idan injin hura iska ya mutu. Karfasa kuwa ba ta da wannan gaɓa sam. Ita ma babbar tarwadar ba ta tsira ba: idan ruwa ya daina zagayawa, kashinta da ragowar abinci sai su tara amoniya, gubar da ƙarfinta ke ƙaruwa da zafi. Ga shi ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar oksijin sosai. A ma'aunin zafi 20 lita guda na ɗaukar kusan miligiram 9, a 30 kuma bai wuce 7.5 ba. Don haka daren Maris da Afrilu ya fi na hunturu haɗari. In ka haska tocila ka ga kifi sun yi cirko-cirko a sama, baki na buɗewa, ruwa ya fara wari, lokaci ya fara ƙurewa.

Masu cewa gishiri maganin komai ne, su ma sun wuce gona da iri. Yana taimakawa kan wasu ƙwayoyin cutar fata, amma ba ya ƙara iska, ba ya kawar da amoniya.

Sai batun ruwan famfo. Ruwan da ake tacewa a Malali ana sa masa kulorin domin lafiyar masu sha, shi kuma kulorin ɗin nan illa ne ga kifi. A tara shi a buɗaɗɗen duro ya kwana kafin a zuba. Na rijiyar burtsatse ba shi da kulorin, sai dai yakan fito da ƙarancin iska, gara a bar shi ya riƙa fantsama yayin shiga tanki.

Jita-jitar da ta fi ba ni tsoro ita ce ta masu tallar na'ura mai aiki da kanta: "ka haɗa, ka manta." A ƙasashen waje, masu kiwon murjani mai rai a akwatin gilashi suna amfani da ƙananan famfuna da ke ɗiga sinadari kaɗan-kaɗan. Abin da suka fi tsoro shi ne famfon ya maƙale a kunne ya juye kwalba guda a ruwa. Dabararsu ita ce su zuba a kwalbar iya abin da ko ya malale gaba ɗaya, ba zai yi kisa ba. Haka ya kamata mai na'urar zuba abinci a nan ya yi, musamman da yake yawan ɗauke wuta da kawo ta na rikita agogon wasu na'urorin. Injin hura iska ma, idan yana ƙasa da tsayin ruwa, da wuta ta ɗauke ruwa na iya biyo tiyo ya koma cikinsa. A ɗora shi sama, ko a sa ɗan makarin da ke hana ruwa komawa baya.

Duk daren da inji ya tsaya, ka fara da dakatar da abinci, ka rage ruwan ƙasa ka ƙara sabo, sannan ka tayar da janareto ko ka jona injin iska a batir. Wanda bai tanadi ko ɗaya ba, kada ya cika tanki da kifi.