Yadda ƙuri'a 51 ke zartar da dokar tiriliyoyin dala a Majalisar Amurka

Ranar 1 ga Yulin 2025, bayan 'yan Majalisar Dattawan Amurka sun kwana sun yini suna kaɗa ƙuri'a, aka yi kunnen doki a kan babban ƙudurin haraji da kashe kuɗi na Shugaba Donald Trump: sanatoci 50 sun amince, 50 sun ƙi. Mataimakin Shugaban Ƙasa JD Vance ne ya raba gardama da tasa ƙuri'ar. Bayan kwana biyu Majalisar Wakilai ta amince da ƙuri'a 218, masu adawa 214, kashegari kuma Trump ya sa hannu.

Wanda ya san al'adar Majalisar Dattawan zai yi mamaki, domin kusan kowane muhimmin ƙuduri sai ya samu goyon bayan sanatoci 60 cikin 100 kafin ya kai ga ƙuri'ar ƙarshe. Wannan dokar ta wuce ne ta wata ƙofa ta musamman, wato tsarin daidaita kasafin kuɗi. Ta nan ne manyan dokokin haraji da kashe kuɗi na ƙasar suka riƙa fitowa a shekarun baya-bayan nan, kuma wasu daga cikinsu na taɓa aljihun mutanen da ba su taɓa taka Amurka ba.

Asalin matsalar

A Majalisar Wakilai mai kujeru 435, rinjaye kaɗan ya isa a zartar da doka. A Majalisar Dattawa kuwa muhawara ba ta da iyaka. Marasa rinjaye na iya ƙin yarda a rufe ta, ƙuduri ya yi ta zama ba a kaɗa masa ƙuri'a ba. Wannan dabarar jan ƙafa ita ake kira filibasta. Tun 1975, sai da ƙuri'a 60 ake iya rufe muhawara, kuma da wuya jam'iyya guda ta mallaki kujeru haka. Jam'iyyar Republican ta Trump kujera 53 take da su a 2025.

Tsarin daidaita kasafi ya fito ne daga dokar kasafin kuɗi ta 1974, wadda majalisa ta yi bayan takun-saƙa da Shugaba Richard Nixon kan ƙin sakin kuɗin da ta ware. Manufarsa ta farko mai sauƙi ce: idan majalisa ta tsayar da jimillar abin da za a tara da abin da za a kashe, a samu hanya mai sauri ta gyara dokokin da ake da su domin su dace da lissafin. Dokar ta taƙaita muhawarar irin wannan ƙuduri a Majalisar Dattawa zuwa sa'o'i 20. Tunda muhawarar na ƙarewa da kanta, ba a buƙatar ƙuri'a 60 don rufe ta, rinjaye kaɗan ya wadatar. An fara zartar da doka ta wannan hanya a 1980, zamanin Jimmy Carter, sannan Ronald Reagan ya yi amfani da ita a 1981 wajen zabtare kuɗaɗen gwamnati.

Kada a haɗa wannan da abin da muka saba ji a Najeriya, inda kwamitin haɗin gwiwa ke zama ya daidaita alƙaluman Majalisar Dattawa da na Wakilai idan sun saɓa. A Amurka abin da ake daidaitawa shi ne dokokin ƙasa da tsarin kasafin da majalisun biyu suka riga suka amince da shi.

Matakan da ake bi

Mataki na farko shi ne majalisun biyu su amince da matsaya guda kan kasafi. Wannan matsaya ba doka ba ce, ba a kai wa shugaban ƙasa ya sa hannu. Taswira ce ta kuɗin shiga da kuɗin fita, galibi na shekara goma. A cikinta ake saka umarni ga kwamitoci: wannan ya rage kashe kuɗi da kaza, wancan an yarda ya ƙara giɓin kasafi amma kada ya wuce kaza. Umarnin adadi kawai yake faɗa. Kwamitin ne zai zaɓi shirin da zai yanka ko harajin da zai sauya.

Daga nan kowane kwamiti ya rubuta nasa ɓangaren, kwamitin kasafi ya haɗa su su zama ƙuduri ɗaya. Ofishin Kasafin Kuɗi na Majalisa, wanda ba ya ƙarƙashin kowace jam'iyya, shi ke lissafa abin da sassan za su ci ko za su kawo.

Idan sa'o'i 20 na muhawara suka cika a Majalisar Dattawa, sai a shiga ruwan ƙuri'u. Kowane sanata na da damar gabatar da gyara, babu iyaka ga yawansu, ana kaɗa ƙuri'a a kan kowanne ɗaya bayan ɗaya har dare ya raba. 'Yan adawa sun san yawancin gyare-gyarensu ba za su wuce ba. Suna gabatar da su ne domin tilasta wa abokan hamayya kaɗa ƙuri'ar da za a tuna musu lokacin yaƙin neman zaɓe. A ƙarshe dole majalisun biyu su amince da rubutu iri ɗaya, sannan a miƙa wa shugaban ƙasa, wanda ke da ikon sa hannu ko hawa kujerar na-ƙi.

Abubuwa uku kawai ake iya taɓawa ta wannan hanya: haraji, kuɗaɗen da dokoki suka wajabta biya kamar tallafin lafiya da na abinci, da iyakar bashin da gwamnati za ta iya ci. Kuɗin tafiyar da ma'aikatu na shekara-shekara ta hanyar da aka saba yake bi, mai buƙatar ƙuri'a 60. Shi ya sa jam'iyyar da ta zartar da waccan babbar doka a Yulin 2025 ta kasa hana rufe ma'aikatun gwamnati na kwana 43 daga 1 ga Oktoban shekarar.

Mai gadin ƙofa

Da sanatoci suka ga hanyar na da sauƙi, sai suka fara cusa abubuwan da ba su shafi kuɗi ba. Sanata Robert Byrd na jihar West Virginia ya jagoranci kafa ƙa'idar hana hakan a 1985, aka mayar da ita ta dindindin a 1990. Ƙa'idar Byrd ta ba kowane sanata damar neman a cire sashen da bai sauya kuɗin shiga ko na fita ba, ko wanda tasirinsa ga kuɗi ɗan rakiya ne ga wata manufa daban, ko wanda ya fita hurumin kwamitin da ya rubuta shi, ko wanda zai ƙara giɓi bayan shekarun da matsayar ta ƙayyade, ko wanda ya taɓa shirin fanshon tsofaffi na ƙasa. Wanda ke son a bar irin wannan sashe sai ya nemo ƙuri'a 60.

Jami'ar da ke fassara ƙa'idojin Majalisar Dattawa ce ke ba da shawara kan abin da ya dace da abin da bai dace ba. Elizabeth MacDonough ke riƙe da muƙamin tun 2012, kuma ba zaɓarta jama'a suka yi ba. A Fabrairun 2021 ta ce ƙarin mafi ƙarancin albashi zuwa dala 15 a sa'a ba zai shiga ƙudurin tallafin korona na Joe Biden mai dala tiriliyan 1.9 ba, aka cire shi. A shekarar ta kuma ƙi amincewa da shirin bai wa miliyoyin baƙin haure takardun zama. A 2025 ta sa 'yan Republican sake rubuta sassa da dama. Kujerar ba ta tsira daga siyasa ba: a 2001 shugaban masu rinjaye Trent Lott ya sallami mai riƙe da ita, Robert Dove, bayan hukunce-hukuncen da ba su yi wa jam'iyyarsa daɗi ba.

Ƙa'idar Byrd ce ta sa dokokin haraji da yawa ke zuwa da ranar ƙarewa. Rangwamen harajin George W. Bush na 2001 an tsara shi ya ƙare a ƙarshen 2010, na ɗaiɗaikun mutane a dokar Trump ta 2017 kuma a ƙarshen 2025. Tsawaita wannan na biyun shi ne ƙashin bayan dokar 2025, wadda Ofishin Kasafin Kuɗi na Majalisa ya ƙiyasta za ta ƙara giɓin kusan dala tiriliyan 3.4 cikin shekara goma.

Riba da illa

Masu goyon bayan tsarin na cewa idan babu shi, jam'iyyar da ta ci zaɓe ba za ta iya cika alƙawuranta na tattalin arziki ba. Masu suka na cewa hanyar da aka buɗe don tsuke bakin aljihu ta koma hanyar ƙara bashi, kuma ana tara manufofi barkatai cikin ƙuduri mai ɗaruruwan shafuka da 'yan majalisa ba sa samun lokacin karantawa. Jam'iyyun biyu duk sun yi amfani da shi, duk sun kuma yi kuka da shi idan suna adawa. Dokar rage hauhawar farashi ta Biden a 2022 ta wuce da 51 da 50, da ƙuri'ar Kamala Harris, ba tare da ɗan Republican ko ɗaya ba.

Idan rinjaye ya yi siriri haka, sanata guda na iya rusa komai. A Yulin 2017 John McCain ya bi sahun 'yan jam'iyyarsa biyu, Susan Collins da Lisa Murkowski, suka kayar da yunƙurin soke dokar inshorar lafiya ta Barack Obama da ƙuri'a 51 da 49.

Ga iyalan da ke jiran saƙon 'yan uwa daga Amurka, lamarin ya zo har gida. Dokar 2025 ta sa harajin kashi 1 cikin 100 a kan kuɗin da aka tura waje da tsaba ko takardar kuɗi makamanciyarta, daga 1 ga Janairun 2026, ban da wanda aka tura daga asusun banki ko katin bankin Amurka. An fara da shawarar kashi 5, Majalisar Wakilai ta rage zuwa 3.5, Majalisar Dattawa ta mayar da shi 1. Da yake haraji ne mai kawo wa gwamnati kuɗi, ƙa'idar Byrd ba ta tare shi ba, kuma ƙuri'a 51 ta ishe shi zama doka.